Furar Gidan Malam Ilu

Mun tashi daga Damagaram ana fitowa daga sallar asuba, ranar Talatar da ta wuce, ni da taubashina a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda sai an haɗa mata addu'a da turi kafin ta yarda ta tashi. Da yawa daga cikinku kun tambaye ni dalilin shiruna, alhali na yi alkawarin in na sauka gida zan rubuta muku bayanin aikin da na kammala a ƙasar waje. Bayanin yana cikin labarin nan, sai dai ba haka na so in kawo muku shi ba.

Malam Ilu muka je ɗaukowa, mutumin da ya koya mini fizik a lise, wato babbar sakandare, shekara ashirin da suka wuce. Da ya ajiye aiki ya ce shi da birni sai gaisuwa, ya koma ƙauyen ubansa gabas da Zermu yana noma, shi da matarsa. Halin da ake ciki bana kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba. Daminar bara ba ta yi ba, ta bana ta yi ruwa biyu ta ɗauke ƙafa. Kwana uku da saukata 'yarsa, wadda take aikin jinya a nan cikin gari, ta zo har gidanmu. Ta ce idonsa ya yi yana, rijiyar ƙauyen sai an yi rabin yini ana jira kafin a cika guga, rabin mutanen garin sun watse. Ta aika sau uku ya taho, amsarsa ɗaya ce: yana jiran ruwa, yana da sauran shuka guda.

"Yaya, kai ne yake ji da kai," in ji ta. "Kullum zancensa ɗalibinsa na bayan teku. In kai ka ce ya taso, ƙila ya taso. In ya ƙara wata ɗaya a can, gawarsa za mu je ɗaukowa."

Ta ba ni rabin buhun shinkafa, da mai, da sukari, da ganyen shayi, ta ce ko ya ƙi zuwa a bar masa. Ni kuma na ɗauki kundin bincikena mai baƙin bango, na nannaɗe shi a leda kamar wani abin gado.

Tun ba mu bar gari ba na fara ganin abin da hotunan waya ba su nuna mini. A gindin manyan duwatsun nan na bakin gari mata ne zaune jeri-jeri da ƙorensu, baƙin ƙauye, suna jiran gari ya waye su shiga neman aikatau. Layin jarkoki a bakin famfo ya kai inda ido ya tsaya. Amalanke sai shigowa suke da busasshiyar ciyawa, masu ita suna tafe suna gadinta da sanda kamar masu ɗauke da gwal, don bana damin ciyawa ya fi kuɗin tunkiyar da za ta ci shi.

A Mirya muka tsaya karin kumallo wurin wani mai shayi. Taubashina ya ga na goge bakin kofi da gefen riga, shi ke nan na ba shi abin yi. Ya ce wa mai shayin, "Yi haƙuri da bawan nan nawa, Bature ne, jiya aka sauke shi daga jirgi." Na ce bawa dai shi ne mai tuƙa ubangidansa. Muka yi dariya, mai shayi ya taya mu, sannan ya ba mu labarin kasuwa ba tare da mun tambaya ba. Tiyar gero ta ninka kuɗinta na bara ta wuce. Akuyar da a da take sayen buhu, yanzu ko rabi ba ta kawowa. Abu ɗaya ne ya yi arha, nama, don makiyaya suna sayar da shanu kafin su faɗi. Wani mai tsire ya kawo mana tire cike a kuɗin da ko burodi biyu ba zai saya ba. Ni mai son nama ne, duk wanda ya san ni ya sani, amma ranar na kasa kai hannu.

Daga Mirya muka bar gudro, wato kwalta, muka hau burji, daga burji muka faɗa rairayi. Hagu da dama gonaki ne a share tas, an gyara su kamar ana jiran baƙo. In ka duba da kyau sai ka ga layin shuka, gero ya fito tsawon ɗan yatsa ya ƙone a tsaye. Wasu wuraren iska ta binne shi. Mun wuce mushen saniya uku kafin na daina ƙidaya. Mun wuce mata suna tsinkar 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita su zama dilo a iya ci. Can gaba wata dattijuwa tana haƙa gidan tururuwa da guntun galma, tana neman hatsin da suka ɓoye. Ta ɗago ta dube mu, ta mai da kai ga aikinta. Daga nan taubashina bai sake kira na bawa ba har muka shiga Zermu.

A Zermu muka ƙara wa mota ruwa, muka tambayi hanya. Wani mai faci ya kwatanta mana, ya ƙara da cewa in Malamin lakwal, na makarantar boko, muke nema yana nan, shi da limami da tsofaffi ne suka rage. Muka ci gaba da tafiya, mota tana nishi. Muna hango rumbunan ƙauyen ta nutse a rairayi har ciki. Muka tona, muka sa kara, muka samu muka ja ta gindin wani gawo, muka yanke shawarar ƙarasawa a ƙasa. Gawon ya zubar da ganyensa kaf kamar yadda yake yi in damina ta kankama. Shi ma ruwan farkon nan ya ruɗe shi.

Nan na yi wayon da har in mutu ba zan manta ba. Taubashina ya ɗage tampol zai saɓa shinkafar a kafaɗa, na riƙe hannunsa.

"Bar ta nan tukuna," na ce. "In tsohon nan ya ga rabin buhu, ya samu hujjar ƙara wata biyu. Mu fara magana. In ya ƙi, sai mu dawo mu kai masa."

Ya dube ni ya ce, "Mu shiga gidan mutane hannu rabbana, a wannan shekara?"

Na ɗaga kundina na ce ga tsaraba. Ya girgiza kai ya mai da tampol ya rufe. Ni a lokacin gani nake na yi dabara irin ta masu ilimi.

Ban taɓa shiga gari da hantsi na ji shiru irin wannan ba. Ba kukan jaki, ba carar zakara, ba ƙarar turmi ko ɗaya. Gida bayan gida an toshe ƙofa da ƙaya. Mun iske Malam a ƙofar gidansa, ƙarƙashin wata rumfar kara, yana ɗaure bakin sungumi da tsumagiyar fata, yana lalubawa da yatsu. Mutumin da a da in ya tsaya gaban allo sai ya rufe rabinsa, yanzu riga ce rataye a kan ƙashi. Na yi sallama. Ya tsaya cak, ya karkata kunne.

"Sake sallamar," ya ce.

Na sake. Sai ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini a aji, wanda ba zan rubuta shi nan ba don kada ku samu abin tsokana. Na durƙusa, ya kama kaina da hannu biyu yana shafawa, yana cewa ashe furfura ba ta jin tsoron dokta. Ni dai hawaye na yi, ba zan ɓoye muku ba. Muka gaisa, aka tambayi mutan gida da gajiya da bayan rabo. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta leƙo ta yi mana maraba, ta kawo ruwa a kwanon sha, ja-ja da shi, muka kurɓa don girmamawa.

Malam ya dafa bango ya miƙe ya ce yana zuwa. Ya shiga ciki ya ɗan jima. Na ji muryarsu ƙasa-ƙasa, tata tana hawa tana sauka, tasa a wuri ɗaya. Ya fito ya zauna. Jim kaɗan sai ga ƙarar taɓarya daga cikin gida, tim, tim, ita kaɗai a duk faɗin garin. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe 'yar nan tasa ta cika zuzuta abu, gidan da ake daka ai bai kai ga halaka ba. Har na taɓa taubashina da gwiwar hannu, irin ka gani ko.

"To, me ka kawo mini daga wajen Turawa?" in ji Malam.

Na kwance leda na ɗora masa kundin a cinya. Ya auna nauyinsa, ya shinshina takardar, ya buɗe tsakiya ya kawo shi dab da fuska, ya mayar ya rufe. Sai a lokacin wautata ta bayyana gare ni, na ƙetare teku da hamada in kawo wa mai yanar ido littafi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Taso allo. Ka yi mini bayani kamar ni ne ɗan aji."

Kafin in gaya muku abin da na ce, ku san wane ne wannan mutum. Lise ɗinmu ba ta da kayan gwaji. Malam Ilu ne ya shigo aji da kanwa a aljihu, ya barbaɗa ta a harshen wuta ya nuna mana yadda take mai da shi ruwan ɗorawa, ya ce kowane sinadari da launinsa, ko a tauraro yake za ka gane shi. Shi ya sa madubi a kwanon ruwa bakin taga, bakan gizo ya fito a bangon aji, muka yi ta ihu har mai kula da ɗalibai ya leƙo. Duk abin da na yi a bayan teku daga wannan kwanon ya taso.

Na share ƙasa a gabansa da tafin hannu na fara. Na ce kamar yadda ya koya mana, ƙwayoyin zarra in sun ƙullu da juna su ne molekil, a jikinsu kuma akwai 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira elektaron. Wani molekil adadin nasa cif yake, amma yakan karɓi ƙarin guda ɗaya ya riƙe, riƙon da bai kai na sauran ƙarfi ba. Shi ne aniyon. Aikina na shekara huɗu shi ne in tara irinsu a wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta ƙarƙaf, in haska su da leza ina sauya launin hasken kaɗan-kaɗan, in ƙidaya elektaron ɗin da suka fice, in auna gudun kowanne. Tunda na san ƙarfin hasken da na buga, gudun da ya fita da shi zai gaya mini yawan abin da aka kashe wajen ɓamɓare shi.

"Wannan lissafin ɗan aji uku ne," in ji Malam. "Shi ya ci maka shekara huɗu?"

Na ce a'a, ba duka suke fita nan take ba, nan aikin yake. Na tara rairayi na yi masa zanen sakamakon a ƙasa, da tudu da kwari, na kama hannunsa na ɗora. Ya bi layin da yatsa a hankali. Ya tsaya kan wani tudu mai faɗi, na ce waɗannan molekil ya haɗiye hasken ya harzuƙa, amma bai iya riƙewa ba, nan da nan ya saki. Ya matsa ya iske wani tsini siriri da na tsayar da ƙyar. Na ce wannan ma ya haɗiye hasken, sai dai ya daɗe yana rawar jiki da elektaron ɗin a hannunsa kafin ya rabu da shi. Iya sirantar tsinin, iya daɗewar riƙon, da haka muke auna lokacin da ko agogo ba ya kamawa.

"Mai haƙuri ke nan," ya ce. Yatsansa ya koma can farkon layi inda na tara ƙasa da yawa. "Wannan tulin fa?"

Na ce shi ne abin da ya ba ni digiri. A molekil ɗin da na yi aiki a kansa, mun zaci yawanci da gudu za su fita, sai muka tarar akasin haka. Ƙarfin hasken yakan bazu a jikin molekil ɗin gaba ɗaya ya zama zafi, a zauna kamar ba abin da ya faru, sai can daga baya elektaron ya sulale a hankali, ba gudu ba ƙarfi. Ko wane launi ka haska, haka suke fita. In ka kama ɗaya ba za ka iya gane irin hasken da ya buge shi ba.

Malam ya bar hannunsa a kan tulin. Taɓarya ta daina, hayaƙi ya fara tashi daga cikin gida.

"Waɗanda ba su saki ba fa? Waɗanda suka huce da abinsu?"

"Na'urarmu ba ta ganinsu, Malam. Wanda ya fita kaɗai take ƙidayawa."

"Ka rubuta haka a littafin?"

"Shafi ɗaya."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Sha biyu bisa ashirin," ya ce. Taubashina ya tuntsire, ya ce a rubuta masa wannan a takarda ya kai wa dangi. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don a hannun Malam Ilu ban taɓa wuce sha ɗaya ba.

Bayan azahar Inna ta fito da ƙwarya a rufe da faifai, ta ajiye a gabanmu ta koma ciki. Fura ce, ba nono, an dama ta da ruwan tsamiya. Amma geron! Wani ƙamshi gare shi da zaƙi-zaƙi wanda rabona da shi tun ina yaro. Malam ya ce shi ya riga ya sha, mu sha. Muka sa ludayi. Na yaba, na sake yabawa, na ce shekara huɗu ina mafarkin wannan. Taubashina ya ajiye ludayi da wuri, ni na ɗaga ƙwaryar na shanye har gaya ta ƙarshe, na kuma ɗaga murya na ce, "Inna, ko da saura?" Daga ciki ta ce, "Ita ke nan, ɗana."

Da ciki ya ɗauka na gyara zama na shiga abin da ya kawo ni. Tun a mota nake shirya hujjoji. Zan ce a cire yanar idon a gari, zan ce jikokinsa, zan ce Inna ta gaji da jiran rijiya, in duk ya ƙi zan ce ni na roƙe shi. Ban kai ga ta biyu ba ya ɗaga hannu.

"Na ji. Ke, haɗa kayanmu, za mu bi yaran nan."

Na zauna baki buɗe. Mutumin da ya mai da aike uku, ga shi ya miƙa wuya kafin in gama jimla. Na ji kaina ya kumbura, na ce lallai 'yarsa ta yi gaskiya, maganata ba ta faɗuwa a wurinsa. Kayan nasu ba su da yawa, ƙunshin tufafi biyu, da tukunya, da buta, da wani akwatin littattafai da gara ta ci gefensa. Ya sa aka kira limami, ya danƙa masa gidan, ya miƙa masa sungumin da yake gyarawa. Limamin ya karɓa yana juya shi a hannu, ya ce, "Malam, shukar fa?" Malam ya ce, "Allah ya yi ba da mu ba." Limami ya dube ni, ya dubi ƙwaryar da ke gefena. Ko a nan ban gane ba.

Muka taka zuwa gindin gawo, ina riƙe da hannun Malam, taubashina da akwati a ka. Ya sauke akwatin ya ɗage tampol don a sa kaya, Inna ta matso da ƙunshinta, sai idonta ya faɗa kan buhun. Ta ajiye ƙunshin a ƙasa. Ta ɗora hannu a kan shinkafar ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Wannan da ku ya zo?"

Na ce e, 'yarsu ce ta bayar, na bar shi ne sai mun gama magana.

"Tun hantsi yana nan?"

Na ce e.

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ɗana, da kun shigo da shi ai da shi zan dafa muku, abin 'yarsa nasa ne. Ba komai a gidan nan sai dilo, yau wata guda. Furar da kuka sha irin shukarsa ce. Tiya ɗaya ta rage bayan shuka biyu, a tulu na liƙe ta da toka. Na ce masa a ba ku dilon, ya ce ɗalibinsa ba zai taso daga bayan teku ya ci ɗaci a ƙofarsa ba."

"Ke, bari," in ji Malam. "Yaron ya sha, ya ce ta yi daɗi. Ai magana ta ƙare."

Na zauna a rairayi. Na ce mu koma Zermu, ko Mirya, ko Damagaram, in sayo iri buhu guda in dawo da shi gobe, ko nawa ne. Malam ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Na kasuwa gero ne, ɗana, za a ci a ƙoshi. Wancan kakana ne ya fara zaɓarsa, zangarniya-zangarniya, ubana ya ci gaba, ni ma haka. Mai saurin nuna ne, ya san ƙasar nan, ruwa kaɗan yake nema. Na raba wa maƙwabta a shukar farko da ta biyu, duk rana ta ƙone. Nawa ne na ƙarshe a garin. Tashi mu tafi, rana tana yi."

Taubashina, wanda bakinsa ba ya gajiya da ni tun muna yara, wannan karon ya wuce ni ya nufi bayan mota. Ya sauke buhun ya saɓa a kafaɗa, ya koma cikin gari ya kai wa limami a raba wa waɗanda suka rage. Muka jira shi a gindin itacen da ba inuwa.

Dawowar ba ni da abin ba ku labari a kanta. Malam yana gaba kusa da direba, ni da Inna a baya kan kaya. Lokaci-lokaci yakan tambaya ina muka kawo, a ce masa Zermu, a ce masa mun hau burji, a ce masa Mirya, sai ya gyaɗa kai. Da muka hau gudro ya sa hannu waje ta taga yana jin iska, ya ce akwai laima a cikinta.

Ana kiran magariba muka shiga Damagaram. 'Yarsa ta fito da gudu ba takalmi, ta rungume uwarta, ta durƙusa gaban ubanta, sannan ta juyo gare ni tana kuka tana godiya, wai ta san ni kaɗai zan iya. Ta tambaye ni me na ce masa ya yarda. Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na ce, "Shi ya yarda da kansa." Daga baya na koma na gaya mata gaskiya, don abin ya fi ƙarfin cikina.

Ranar Alhamis bayan la'asar na je gaishe shi. Sun ba shi ɗaki mai rufin kwano, an yi masa wanka da aski, an sa ranar ganin likitan ido. Muna zaune yana yi mini tambaya a kan tsinin nan siriri, wai ta yaya na tabbata ba na'urar ce take ruɗina ba, sai gari ya yi duhu. Iska ta taso, ƙofa ta buga, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta ɗauki sowa, yara suka fito tsirara, mata suna tarbar indararo da duk abin da ya samu. Malam ya bar maganar da yake yi. Ya ɗaga fuska sama yana sauraron kwano.

"Leƙa ka gani, daga ina hadarin ya taso?"

Na leƙa, ko da yake na riga na sani. Na ce, "Daga gabas, Malam."

"To ya biyo ta gonata," ya ce. "Ruwan shuka ne wannan, na kwana ne. Gobe da sassafe ake fita." Ya shafa tabarma gefensa kamar mai neman wani abu, ya mai da hannun cinya. Muka zauna har ruwan ya tsagaita, bai koma kan tambayarsa ba.

Abin da aka aike ni na yi shi. Malamina yana gari, yana cin abinci sau uku, in Allah ya yarda zai sake gani. Duk wanda ya ji sai ya ce na kyauta, ni kuwa na san da me na ɗauko shi. Na je da ilimi da hujjoji da wayo, na tsaya ina lissafin yadda zan ciwo kan mutumin da shi kuma yake lissafin yadda zai karrama ni. Tun jiya taubashina yake bin ƙauyukan Zermu da kewaye a kan babur, yana tambayar tsofaffi ko akwai wanda aka taɓa ba irin gidan su Malam Ilu ya ajiye ko da cikin tafi ne. Har yanzu da nake rubutun nan bai kira ba.

In Allah ya kai ku gidan wani a shekara irin wannan, ku sauke abin da kuka zo da shi a ƙofa kafin ku yi sallama. In kuma kuka ji turmi ɗaya yana ƙara a garin da duk turame suka yi shiru, ku tashi ku je ku ga me ake dakawa.